Gonar Arzika da Ba a Ƙone Ba

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na san an koya maku yadda ake danna su a ɗauki hoton gona, a tura, kuɗi su shiga asusun manomi. Ɗazu a bakin ƙofa na ji ɗayanku yana cewa wai aikin sati biyu ne, a zaga Jega da Aliero da Maiyama a dawo gida. Na gane muryar, ba sai ya ɗaga hannu ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin malamin gona a fadamun nan, babur uku suka mutu a ƙarƙashina, kuma har na ajiye aiki ban taɓa gama komai cikin sati biyu ba. An ce in zo in gaya maku yadda ake ba manomin rake kuɗi don ya daina sa wa gonarsa wuta. Zan gaya maku abin da na sani, har da gonar mutum guda da na kashe da bakina a kan wannan aikin.

Aikin farko da aka ba ni shi ne awon wata gonar rake a bayan Katanga. An haɗa ni da Malam Labbo, wani gajeren tsoho mai keke da malafa, wanda ya fara aikin tun ban san hagu da dama ba. Na zo da sabon littafi da biro biyu da takalmi sau-ciki da na goge har yana walƙiya. Ya dubi takalmin ya dube ni, ya ce, "Biki za ka?" Shi kayan aikinsa uku ne: igiya mai ƙulli-ƙulli ta awo, da 'yar wuƙa, da sanda mai ƙarfe a baki. Da muka isa na fizgi igiyar zan fara ja, ya riƙe ni. Mai gonar yana can ƙarƙashin giginya, ba a gaishe shi ba. Muka zauna aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwa da farashin gero, aka yi maganar wani da ya rasu wanda ban sani ba. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan mai gonar da kansa ya tashi ya nuna mana iyaka. Awon bai ɗauke mu rabin lokacin da gaisuwar ta ci ba.

A hannun Malam Labbo na koyi amfanin sandar nan. Da ita kake buɗe ganye kafin ka sa ƙafa, saboda gonar rake ba ta rabuwa da maciji. Da ita kake soka ƙasa ka ji inda danshi ya tsaya. Wuƙar kuwa ta tsaga kara ce, ka ga ko tsutsa ta shiga, ko cikin ya yi ja. Shekara huɗu ina bin bayan kekensa, bai taɓa yaba mini ba ko sau ɗaya. In na yi daidai sai ya ce, "To, mu tahi." Ranar da zai bar aiki ya ba ni sandar, ya ce in canza mata ƙarfe don na da ya cinye.

Ku da yawanku 'yan Aliero ne, albasa kuka buɗe ido kuka gani, abin da ake dasawa a cire cikin 'yan watanni. Rake ba haka yake ba. Kusan shekara yake ci a ƙasa. A binne kawunan rake a kwarin kunya, a yi ta ban-ruwa da inji duk rani, a yi noma, a riƙa zare busasshen ganye da hannu yana yanka fata yana sa ƙaiƙayi. Da ɗari ake sara, a ɗaure dami-dami, dillalan Jega su zo da mota, masu mazarƙwaila su kwashi nasu. Kada ku rikice da abin da kuka karanta na manyan gonakin kamfani inda ake cinna wa rake wuta yana tsaye. Mu namu na sha ne, babu dillalin da zai karɓi kara mai baƙin ɓawo. Mu bayan sara wuta ke zuwa. An kwashe rake, an bar ganye a kwance har gwiwa, ƙarƙashinsa kuma kututture. Daga kututturen nan gyauro ke tohowa, wato sabon rake ba tare da an sayi iri ko an sake huɗa ba. Shekarar farko ta rake wahala ce da kashe kuɗi. A gyauro talaka yake cin riba, shekara ta biyu da ta uku.

In kun ga manomi ya ɗauko ashana, kada ku ce jahilci ne, zai ji a muryarku ko ba ku faɗa ba. Yana da dalili. Wuta tana share gona cikin hantsi ɗaya, ruwa ya bi kwari ba tangarɗa, maciji ya gudu, gafiya da kusu su rasa maɓoya. Ɓarnarta ma gaskiya ce, na gani da idona. Ƙasa tana ƙeƙashewa ta riƙa shan ruwa da taki fiye da da. Hayaƙi ya rufe titi har direba ba ya ganin gabansa. Yara da tsofaffi su yi sati suna tari. Wani lokaci wutar ta tsallake ta cinye harawar wani, ko ta kama ciyawar da makiyaya suka sa wa rai, daga nan sai rigima. Ban taɓa shakkar cewa barin ganye ya fi ba, har gobe.

Amma akwai yadda ake ƙonawar, kuma nan ne na yi shekara talatin ina kallo ban gani ba. A fadamar Katanga ba wanda ke sa wa gonarsa wuta ranar da ya ga dama. Sai kowa ya gama sara, Sarkin Noma ya sa rana, a sanar bayan sallar Juma'a. Ranar, da raɓa ta bushe, kafin iska ta tashi, a kewaye fadamar gaba ɗaya, a cinna daga gefe wutar ta ci zuwa tsakiya. Maza su tsaya da sanduna da karnuka, duk gafiyar da ta fito a bi ta. Ni a zatona duk wannan don kada wuta ta ɓalle ne kawai, da kuma ɗan naman da ake samu. Malam Labbo ya taɓa ce mini, "Ka lura, ba mai ƙone tashi shi kaɗai, ba kuma mai barin tashi." Na rubuta a littafi da kyakkyawan rubutu, ban tambaye shi dalili ba.

Shekarar da shirin biyan kuɗi ya zo, ina dab da ajiye aiki. Wanda aka turo ya jagorance mu saurayi ne mai ladabi, muna ce masa Oga, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Tsarin mai sauƙi ne a takarda. Manomi ya ba da suna. Bayan sara ya bar ganyensa a gona sati shida ba wuta. Ranar da sati shida ya cika mu je mu ɗauki hoto, wayar ta nuna rana da wuri, sai kuɗi su shiga. Kuɗin za su sayi buhun taki da ɗan abin da ya yi saura. Da yake gwaji ne, aka ce 'yan sunaye kaɗan ake so daga kowace fadama.

Dubawar farko da na yi a wata fadama ce ta wajen Maiyama. Gona ta yi kyau, ganye shimfiɗe ko'ina, mai ita yana tsaye yana washe baki. Wanda ke riƙe da wayar har ya ɗaga ta. Na ce ya dakata. Na sa sanda na ɗaga ganyen, sai ga toka baƙa ƙirin. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Ai ta bara ta, Malam." Na sunkuya na taɓa, na ce, "Ta bara ce take da ɗumi?" Shi da kansa ya fashe da dariya. Ashe ya ƙone tasa da safe, ya kwaso ganyen ƙanensa ya baza a kai. Ku riƙe wannan: ganyen da ya kwana a wurinsa yana manne da juna, ƙasansa da danshi da farar fumfuna, in ka ɗaga za ka ga kashin tana da tururuwa suna watsewa. Wanda aka kawo daga wani wuri a sake yake, ko'ina bushe. Ku duba kan kututture kuma, wuta ba ta taɓa shi ba ta bar baƙi. Akwai ƙauyen da tulin ganye guda ya riƙa yin gaba da ni a amalanke daga gona zuwa gona. A gona ta uku na gane shi, saboda wata shuɗiyar leda da ta maƙale a ciki. Na ce da su, "Jama'a, ku cire ledar nan mana, ku daraja furfurata."

Waɗannan masu wayon ba su ne matsala ba. Su ba su rasa komai ba sai suna a takarda. Wanda ya yi gaskiya shi ya sha wuya.

A Katanga da na kai maganar, ba wanda ya ba da suna. Sarkin Noma, dattijo mai magana a hankali, ya saurare ni har na gama a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, gaban mutane. Ya ce shi bai ƙi ba, amma in za a bari a bari duka, in za a ƙone a ƙone duka. Na ce shirin bai da kuɗin da zai ishi kowa da kowa bana. Ya ce to a jira shekarar da yake da shi. Ni kuwa Katanga ce wurin da na fi daɗewa, in koma ofis in ce ban samu ko mutum ɗaya ba? Sai na juya kan Arzika.

Arzika ya ba hamsin baya a lokacin. Gonar rake ɗaya gare shi, ba babba ba, a tsakiyar fadamar, da 'yar gonar gero a tudu wadda ba ta kai shi rabin shekara. Raken nan shi ne cinsa da suturarsa da ta iyalinsa. Fari ne mai laushi, dillalai kan tambayi nasa da suna, kuma shekarar gyauronsa na farko ke nan, wato lokacin da zai fara mayar da numfashi. Mun daɗe tare. Na taɓa nuna masa yadda zai raba gonar da tsutsa, tun daga nan duk abin da na faɗa yake ɗauka. Ya ce, "Malam, in kai kac ce shina da kyau, na yi." Ya miƙo hannu muka tafa gaban kowa, ya ce ba zai sa wuta ba sai na ce.

Sarkin Noma bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Arzika, tsakiyar hwadama kake. In munka sa wuta ta ko'ina, duk gahiya da kusun da ke cikin hwadamar ga gonakka za su shiga, don ita kaɗai za ta rage ruhe da ganye." Na ji shi sarai. Na ce, "Haba, Sarkin Noma, kusu nawa ne? In sun shiga a sa masu magani." Ya dube ni, ya ce, "To, Malam ya hi mu karatu." Aka tashi.

Ranar wuta tun da farar safiya ina can. Ni da Arzika da 'ya'yansa biyu muka share faɗin taku biyar kewaye da gonarsa har ƙasa ta fito fes, muka jiƙa gefen da inji. Wuta ta taso ta kowace kusurwa ta zo ta tsaya a bakin sharar, ko tartsatsi bai faɗa ciki ba. Ina ta jin daɗi ina nuna wa mutane. Can sai na ga karnuka sun taru a gefen gonar suna haushi suna kai da kawo. Na duba, ganyen yana motsi nan da can, ba kuwa iska. Masu sanduna suka bi gafiya har bakin gonar, ta nutse cikin ganye, suka tsaya. Karen da ya shiga ya yi ta tona a banza. Ranar ba a samu naman kirki ba, mutane suka watse suna gunaguni. Ni kuwa na hau babur na tafi ina cewa aiki ya yi.

Kwana goma bayan nan Arzika ya same ni a gida a Jega. Bayan mun gaisa ya sa hannu a aljihu ya zube mini tohon rake a tabarma, 'yan gajeru kamar yatsa, duk an datse su daga gindi. Ya ce kullum da safe haka yake tsintar su. Ya ce, "Malam, ka sake ni in sa wuta. Tohon da yah hito zai ƙone, amma kututturen na da rai, shina sake wani." Gaskiya ya faɗa, a lokacin da an ƙone da gonar ta tashi. Na ce ya dakata. Na sayo maganin ɓera a kasuwa na ba shi, na nuna masa yadda zai cuɗa da tsaki ya ajiye a gwangwani. Ya karɓa ya yi godiya. Maganin bai yi komai ba, don dabbar da ke da toho mai zaƙi a gabanta ba ta waiwayi tsaki ba. Kajin maƙwabcinsa biyu ne suka ci suka mutu.

Ya dawo ana cikin sati na uku, wannan karon a ofis. Bai kawo toho ba, ya ce yanzu ba sa jira ya fito, idon kututturen suke ci tun yana ƙasa, sun haƙa ramuka ƙarƙashin kunya. Na ce ya zauna a benci, na fita bayan ofis na kira Oga. Na roƙe shi a matso da ranar hoto. Ya ce ba zai yiwu ba, sati shida ne a tsarin, ga shi kuma akwai baƙi daga sama da za su zo, gonar Katanga na cikin waɗanda za a nuna masu. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma Baba, in abin zai cuce shi, ya ƙone kawai a cire sunansa. Ba laifi ba ne." Ku ji da kyau, haka ya faɗa. Ƙofa a buɗe take.

Na dawo na tarar da Arzika ya cire hula yana juya ta a hannu. Ban gaya masa maganar ƙarshen nan ba. Na ce, "Ka ƙara haƙuri, saura sati uku." Sunansa kaɗai nake da shi a Katanga, kuma na riga na buɗe baki gaban Sarkin Noma da jama'a. Girman kai ne, ba wani abu ba, na kuma lallaɓa kaina da cewa ƙila ɓarnar ba ta kai yadda yake faɗa ba. Ban je na duba ba, alhali tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Na ga wasunku suna kallon juna, kuna cewa me ya hana shi ƙonewa abinsa, gonarsa ce. Ku ba ku san mutanen da za ku je wurinsu ba ke nan. Mutum irin Arzika in ya ba da hannu gaban jama'a, wanda ya ba hannun ne kaɗai ke iya kwance shi. Ba kuɗin ne suka riƙe shi ba, tun zuwan farko ya haƙura da su. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya taɓa aljihun rigarsa, ya ce, "Ashana na nan, Malam. Bakinka nika jira." Na ce in sha Allahu ba abin da zai faru. Ya ce Allah ya sa, ya sa hularsa ya tafi. Bai sake dawowa ba.

Ranar da sati shida ya cika muka je da mota biyu. Gonakin da aka ƙone duk sun yi kore, gyauro ya kai ƙauri. Ta Arzika tana tsakiya, ganye ya kwanta luf, ruwan ƙasa-ƙasa, gwanin kyau a ido. Baƙi suka yi ta yabawa. Wata daga cikinsu ta tambayi me ya sa nan ba kore. Na ce ganye yakan jinkirta toho, wanda gaskiya ne a wasu gonakin. Sarkin Noma yana tsaye a gefe da hannu a baya. Aka yi abin da aka zo yi, aka sha ruwa, motoci suka tafi.

Sannan na ɗauki sandata na fara daga bakin gonar. Kunya ta farko, na ɗaga ganye: kututture an rarake shi, idon babu, rami a gindinsa, ga kashin gafiya ko'ina. Ta biyu haka. Ta uku sandar ta nutse cikin ƙasa har rabi, don ƙarƙashin duk kogo ne. Na bi har ƙarshen gonar, masu rai da na samu a gefe-gefe ne, ba za su cika kunya biyu ba. Arzika yana bina a baya. Da muka kai ƙarshe ya ce, "An gama, Malam?" Na ce an gama. Ya ce, "To, in sa wuta?" Na ce ya sa. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba.

Ko wutar ma bai samu sa ta ranar ba. Sarkin Noma ya ce in ya cinna shi kaɗai, duk abin da ya tara a ciki zai watsu cikin gyauron mutane da ya yi kore. Sai da Arzika ya bi gida-gida yana roƙon a zo da karnuka da sanduna a kewaye masa, mutanen da suka gaya masa tun farko. Sun zo, ba wanda ya yi masa gori a fuska. An ce ranar an kashe gafiyar da ba a taɓa kashe irinta a gona ɗaya ba. Ni ban je ba.

Kuɗin sun shiga wayarsa daidai, ba a rage ko sisi ba. Amma kuɗin buhun taki ba sa sayen irin da zai cika gona, balle huɗa da man inji na rani guda, sannan a jira wata goma kafin a ga kara. Ya tumɓuke kututturen, ya gwada albasa a makare ba ta yi ba. Shekarar da ta biyo ya ba maƙwabcinsa gonar haya. Farin raken nan nasa ma ya ɓace, sai 'yan kunyoyi a gonar wani da ya taɓa roƙon iri a wurinsa.

Da kaka ta zagayo aka ce in nemo sunaye a wajen Karaye, na ce ba zan kawo sunan mutum ɗaya-ɗaya ba. Fadama guda nake so, kowa da kowa, ko kuwa a nemi wani. Oga ya sha fama kafin a yarda. Ni ma na sha zama, tun daga masu gona har makiyayan da ke sauka a gefen fadamar, na yi ta zirga-zirga har tayar babur ta suɗe. Abin da muka tsayar shi ne wannan. Bayan sara a sa manjagara a janye ganye daga kan kututture, a tara shi a kwari ɗaya a bar ɗaya, don ruwa ya samu hanya, toho ya ga rana, kare kuma ya iya shiga. Wani kaso na ganyen kuma makiyaya su zo su ɗaure su fitar da shi da kansu, ba a shigo da shanu su tattake gyauro ba. Ranar da a da ake sa wuta aka bar ta a matsayin ranar farauta, a kewaye fadama da karnuka ana ɗaga ganye layi-layi. Kuɗin kowa ya shiga wayarsa, amma sai in duk fadamar ta tsaya. Ya yi. Su da kansu suka ce ban-ruwa ya ragu masu, kuma shekara ta biyu ba ni na je roƙonsu ba.

Don haka in kun je, kafin ku rubuta sunan mutum ku tambayi ina gonarsa take, su wa ke kewaye da shi, me su za su yi da tasu. Ku gaida Sarkin Noma, in ya faɗi abin da bai cikin littafinku ku tambaye shi dalili. Kada ku jira sati shida, ku koma kwana goma bayan sara, ku sa sanda ku ɗaga ganye ku duba da idonku. Wanda ba shi da sanda ya nemo kafin gobe, ba na son ganin kowa da waya kaɗai. In kuma manomi ya zo ya ce ku sake shi, ku sake shi nan take, ku cire sunan, ofis ba zai rushe ba.

Yanzu ku ɗauki ɗan littafin da aka raba maku da safe, ku duba bangonsa. Wannan mutumin mai farar hula da ke tsaye cikin ganye har gwiwa, wanda aka rubuta a ƙasansa manomin da ya daina ƙona gona, Arzika ne. Inda yake tsayen nan babu kututture ɗaya mai rai. Yanzu sara yake yi a gonakin mutane ana biyansa a wuni, in ɗari ya zo za ku gan shi a Katanga da adda a kafaɗa, kuma har yau in mun haɗu shi ke fara gaishe ni. Ni na ɗauki hoton. Ni ne ma na ce masa ya ɗan yi murmushi.